MAJIMFA DA DANGINTA

Kowane yaro ya san wake, ya san gyaɗa da gujiya. Amma ba kowa ya san su da tsamiya da ɗorawa da gawo da bagaruwa duk gida ɗaya suka fito ba. In kuka ce wa manomi gawon da ke tsakiyar gonarsa ɗan'uwa ne ga waken da ke yaɗo a gindinsa, watakila ya yi muku dariya. To, ku roƙe shi ya tsinko 'ya'yan gawo, ya tsinko na wake, ya ajiye su gab da juna. Kowanne kwanso ne, da ƙwayoyi jere a ciki. Da kwanson nan a ke gane 'yan gidan, ko itace ne wanda ya ɗara soro tsawo, ko ciyawa ce wadda ba ta kai gwiwa ba. Masana ilmin tsire-tsire sun ƙidaya fiye da iri 19,000 cikin wannan gida, wanda mu ke kira dangin wake. Cikin dukan gidajen tsire-tsire masu fure, biyu kaɗai suka fi shi jama'a.

Gida mai yawa haka ba ya riƙuwa a ka sai an rarraba shi. Don haka masana suka kasa shi zuriya-zuriya, fiye da 700, kamar yadda babban birni ya ke da unguwa-unguwa. Kowane tsiro suka ba shi suna biyu, na zuriyarsa da na kansa, sai dai su sunan zuriya su ke fara kira. Waɗansu zuriyoyin sun yi suna ko'ina domin muna cin 'ya'yansu. Waɗansu kuwa muna taka su kullum a hanyar makaranta, ba mu ko waiwaye su. Labarin ɗaya daga cikin waɗannan za mu yi, watau zuriyar majimfa, wadda waɗansu ke kira magimfa.

A shekarar 1807 wani masani mai suna Persoon, haifaffen Afirka ta Kudu, mazaunin birnin Faris, ya raɗa wa zuriyar nan suna Tephrosia, a faɗa Tefrosiya. Daga harshen Girkawa ya ɗauko kalmar, ma'anarta mai launin toka. Ya yi dacen suna, gama yawancinsu ganyensu lulluɓe ya ke da wani gashi mai laushi, fari-fari, har ka ce an barbaɗa musu toka. Yau an san wajen iri 350. Afirka ta fi kowace nahiya yawansu, amma akwai su a Ostareliya da Indiya da Amurka, wuraren da ke da ɗumi. Masu son rana ne. A saura, da gefen hanya, da jigawa, da filin da aka sare itatuwansa, nan a ke samunsu.

Yadda a ke gane su

Ku fara da ganye. Ganyen 'yan zuriyar nan kamar gashin tsuntsu ya ke, ƙananan ganyaye bibbiyu suna fuskantar juna bisa kara guda, sa'an nan ɗaya tilo a can ƙarshe. Wannan tilon ku lura da shi, gama tsamiya da gyaɗa ba su da shi, nasu bibbiyu su ke ƙarewa. Sai ku ɗaga ƙaramin ganye ɗaya ku duba shi ta hasken rana. Za ku ga 'yan jijiyoyi masu yawa sun fito daga tsakiya, sun miƙe a karkace har baki, ba wadda ta hau wata, kamar kunyoyin manomin kirki.

Ga wani gwaji mai daɗi. Ku kama ƙaramin ganyen da hannu biyu, gindi da kai, ku ja. Ba ya tsagewa yadda ya ga dama, sai ya bi jijiyoyin nan, gefe ɗaya ya fito da tsini, ɗayan da gurbi, kamar gindin kibiya inda tsirkiya ke zama. Mutanen Indiya sun lura da wannan tun zamanin da, har suka sa wa wani iri nasu suna mai ma'anar gindin kibiya. Da wannan a ke rabe su da baba na rini, wanda ya ke kama da su ƙwarai. Kwanson baba siriri ne, zagayayye. Na zuriyar majimfa kuwa shimfiɗaɗɗe ne.

Furen irin na wake ne sak. Akwai babban ganyen fure a sama wanda ke tsaye kamar tuta, da biyu a gefe kamar fikafikai, da biyu a ƙasa waɗanda suka manne suka zama kamar ɗan kwalekwale. Cikin kwalekwalen nan garin fure ya ke ɓoye. Sa'ad da ƙudan zuma ya sauka neman zaƙi, nauyinsa ya kan danne kwalekwalen, garin ya shafe masa ciki, ya tashi ya kai wa wani fure. In kwanso ya nuna ya bushe, sai ya murɗe ya fashe da ƙara, ya watsa ƙwayoyin nesa da uwar.

Yawancin 'yan zuriyar ƙanana ne, ba su wuce ƙugu. Majimfa ita ce ƙatuwar cikinsu a ƙasarmu. Ta kan kai ƙafa 6 zuwa 10, wani lokaci har 13. Furenta fari ne ko shuɗi mai ja-ja, ya kai inci ɗaya. Kwansonta ya kai inci 4 ko 5, da gashi ruwan ƙasa mai laushi kamar karan-miski. Tana son ruwan sama da ya kai inci 34 a shekara, watau milimita 850, ko ya fi. Shi ya sa yaran Katsina da Damagaram da yawa ba su taɓa ganinta ba, alhali a ƙasashen bakin Kwara da Binuwai a bayan gida a ke shuka ta. Awaki da shanu ba su damu da ita ba, su kan sunsuna su wuce. Nan gaba za ku ga dalili.

Baƙon da ya bar mata sunansa

Cikakken sunan majimfa a littattafan masana Tephrosia vogelii, sunan nan na biyu kuwa na mutum ne. Theodor Vogel Bajamushe ne, an haife shi a Balin a shekarar 1812. Tun yana saurayi ya ƙware a kan dangin wake, har a 1837 ya rubuta littafi a kan zuriyar da a lokacin aka sa tafasa da rai-ɗore da filasko a cikinta. A 1841 Gwamnatin Ingila ta aiko jirage uku masu tafiya da tururi su hau kogin Kwara, su ƙulla alkawari da sarakuna a kan hana cinikin bayi, su kuma kafa gonar gwaji a mahaɗar Kwara da Binuwai, wajen da Lakwaja ta ke yanzu. Vogel ya shigo cikin tafiyar, aikinsa tara ganyaye. Duk inda jirgi ya tsaya sai ya sauka ya tsinko, ya danne su tsakanin takardu su bushe, ya rubuta inda ya same su.

Tafiyar ba ta yi kyau ba. Zazzaɓi ya faɗa wa Turawan, fiye da 40 suka mutu, gama a lokacin ba wanda ya san sauro ke kawo shi. Vogel ma ya kamu. Aka kai shi tsibirin Fanandofo, wanda yanzu a ke kira Biyoko, can ya rasu cikin watan Disamba na shekarar nan, yana da shekara 29. Amma ganyayensa sun isa Ingila. A 1849 aka buga littafin tsire-tsiren Kwara, a ciki wani masani mai suna Joseph Hooker ya bayyana majimfa, ya sa mata sunan marigayin.

Cikin jiragen nan akwai Samuel Ajayi Crowther, akwai kuma wani Bajamushe, J. F. Schön, wanda ya duƙufa kan koyon Hausa, har ya buga nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876. Ashe tafiya ɗaya ta kai ganyen majimfa da kalmomin Hausa Turai. Amma kada ku ɗauka Vogel ne ya gano majimfa. Masuntan Kwara sun san ta, sun san aikinta, tun kakanninsa ba su ji labarin kogin ba. Abin da ya yi shi ne ya sa ta shiga littafi. Sunanta na Hausa kuma wani likita, J. M. Dalziel, ya rubuta shi cikin littafinsa na sunayen tsire-tsire da Hausa a 1916.

Dafin kifi

Abin da ya sa a ke shuka majimfa a bakin kogi shi ne kamun kifi. Da rani, sa'ad da rafi ya janye ya bar gurabun ruwa nan da can, sai a daka ɗanyen ganyenta a zuba. Kafin a jima kifi ya fara tasowa sama yana haki, yana juyi kamar mashayi, daga nan ya kife ciki sama. Sai a bi da ƙwarya da kwando ana tsincewa.

Me ke faruwa? Mutanen da su kan ce ganyen yana makanta kifi, ko yana sa shi maye. Yanzu an san gaskiyar al'amarin. Cikin ganyen akwai wani dafi da a ke kira rotinon, da waɗansu 'yan'uwansa masu aiki irin nasa. Wani masani ɗan ƙasar Japan ya ba shi sunan nan a 1902, bayan ya tace shi daga saiwar wani tsiro dabam, shi ma na dangin wake. Ku tuna kowane mai rai yana bukatar iskar oksijin, domin da ita jiki ke ƙona abinci ya sami ƙarfi, kamar yadda wuta ba ta ci sai da iska. Kifi ba shi da huhu irin namu. Da jajayen tsokokin nan da ke ƙarƙashin marfin kumatunsa ya ke tace iska daga ruwa, fatarsu kuwa ba ta da kauri ko kaɗan, jini na gab da ruwa. Ta nan dafin ke shiga jini kai tsaye. In ya shiga, sai ya hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar da suka samu. Ga iska a ruwa, ga ta a jini, amma ba ta da amfani. Kamar mutum ne ga tuwo a gabansa an ɗaure masa baki. Hakin da kifi ke yi a sama, neman abin da ba zai cece shi ba ne.

Mutum kuwa ta ciki dafin ke bi, hanji ba ya ɗaukarsa da yawa, hanta kuma tana lalata wanda ya shiga. Shi ya sa a ke cin kifin majimfa ba a faɗi nan take. Rana da zafi su ma suna kashe ƙarfinsa, cikin 'yan kwanaki ruwan ya koma yadda ya ke.

Abin mamaki, ba mutanen Afirka kaɗai suka gane wannan dabara ba. Mutanen asali na Amurka ta Arewa suna da tasu Tefrosiya, mai dogayen saiwoyi masu tauri kamar igiya, da ita su kan kama kifi. Na Amurka ta Kudu suna da tasu. Mutanen tsibiran Hawai, can tsakiyar teku, suna amfani da ƙaramar nan mai jan fure wadda a ke samu a Indiya da nan ƙasarmu. Jama'ar da ba su taɓa jin labarin juna ba, kowa ya laluba cikin dajinsa ya faɗa kan zuriya guda.

To, amma dabara ce mai ɓarna, ba na kuwa shakkar faɗin haka. Mai koma da mai taru suna zaɓe, gama idon taru ya kan bar ƙanana su wuce su girma. Majimfa ba ta zaɓe. Tana kashe babban kifi da ɗan tsakonsa, da uwa mai ƙwai a ciki, da talibambam, da ƙananan ƙwarin ruwa waɗanda kifi ke ci. Abin da aka tsince bai kai abin da ya nutse ya ruɓe ba. Gurabun nan na rani kuwa su ne rumbun irin kifi, daga cikinsu rafi ke sake cika in damina ta sauka. Wanda ya zuba musu dafi ya cinye irin shukarsa ke nan, ya haɗa da na maƙwabta. A zamanin da mutane ba su da yawa, ana yi sau ɗaya a shekara bisa iznin Sarkin Ruwa, rafi ya kan farfaɗo. Yanzu bakuna sun yi yawa, rafukan kuwa ba su ƙaru ba. Ku dubi Argungu, inda a ke hana su a Matan Fada sai ranar biki, ranar ma da homa da gora kaɗai a ke shiga, ku ga irin giwan ruwan da a ke fitarwa. A Nijeriya dokar kamun kifi ta 1992 ta hana kama kifi da dafi ko nakiya ko lantarki.

Akwai dai inda ma'aikatan kifi da kansu ke zuba rotinon da gangan. A Amurka su kan share tafki da shi in baƙon kifi ya mamaye na gida, a Norwe kuma sun yi amfani da shi a koguna domin kawar da wata cuta mai kashe kifinsu. Amma wannan da awo a ke yi, da iznin hukuma, bayan an tanadi irin da za a mayar.

A rumbu da garke

Dafin da ke kashe kifi yana kashe ƙwari. Nan ne majimfa ke biyan bashin ɓarnarta. Kowa ya san yadda wake ke yi in ya kwana biyu a rumbu, a buɗe buhu a tarar duk ya huhhuje, ya zama gari. In aka shanya ganyen majimfa a inuwa, aka daka, aka gauraya garin da wake, ƙwaron ba ya samun sakewa. In kuwa aka jiƙa garin ya kwana da ɗan sabulu, aka tace, a kan fesa ruwan ga wake ko kayan lambu domin darɓa da tsutsa. Da yamma a ke fesawa, tun da rana na kashe ƙarfinsa. Makiyaya a ƙasashe da dama na Afirka suna wanke dabbobi da shi domin kaska da ƙwarƙwata. Ba a saye, ba a zuwa kanti.

Amma kada wani ya ce tun da ganye ne ba shi da lahani. Tunanin nan ya cuci mutane da yawa. A shekarar 2000 masana a Amurka suka ga ɓerayen da aka daɗe ana ba rotinon sun kamu da ciwo mai kama da ciwon karkarwa na mutane, wanda likitoci ke kira ciwon Fakinsan. A 2011 kuma wani bincike cikin manoman ƙasar ya nuna ciwon ya fi yawa ga waɗanda suka yi aiki da shi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun janye iznin fesa shi a gonaki tun 2008. Saboda haka mai dakan ganyen ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu da sabulu, kada ya yi a turmin abinci, kada kuma ya wanke kayan aikin a rafi. Waken da aka ajiye da shi a sheƙe shi, a wanke sosai kafin ya shiga tukunya. Wannan ba aikin yara ba ne, na manya ne, da shawarar malamin gona.

Wani abu kuma ya ruɗa manoma a ƙasar Malawi. Wannan ya ce majimfa ta kashe masa ƙwari, wancan ya ce ƙarya ne, shi ya gwada bai ga kome ba. A 2012 masana suka bayyana cewa dukansu gaskiya suka faɗa. Ashe majimfa kashi biyu ce, ɗaya mai dafi, ɗaya marar dafi, da ido kuwa ba a rabe su da sauƙi. Mai son ta domin ƙwari sai ya nemi iri daga wanda tasa ta riga ta yi aiki.

Taki daga iska

Ko marar dafin ba ta zama banza ba, gama tana da aikin da ya fi wannan girma, a ƙarƙashin ƙasa. Cikin abincin da tsiro ke bukata, naitirojin ne kan gaba. In ya yi ƙaranci sai ku ga dawa ta yi rawaya ta tsumbure. Iskar da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma tsiro ba ya iya ɗibarta daga iska. Sai a 1886 waɗansu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka nuna asirin dangin wake. A saiwoyinsu akwai 'yan ƙullutai, cikin kowane ƙullutu akwai ƙwayoyin bakteriya dubbai, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Su ke kama naitirojin daga iskar da ke cikin ƙasa su mai da ita abincin tsiro, shi kuma ya biya su da zaƙin da ganyensa ke yi. Manomanmu sun daɗe suna haɗa gero da wake ba tare da sun ga ƙwayoyin nan ba. Ba dukan 'yan gidan ke da wannan baiwa ba, tsamiya da tafasa ba su da ita. Zuriyar majimfa kuwa tana da ita sosai.

A Indiya a kan shuka ƙaramar nan mai jan fure a fadamar shinkafa, a nome ta cikin ƙasa tana ɗanya ta zama taki. Wata mai farin fure daga gindin duwatsun Himalaya a kan shuka ta tsakanin itatuwan shayi da na roba, ta rufe ƙasa ta hana zaizaya. A Zambiya da Malawi kuma, tun wajen 1990, an yi ta koya wa manoma su shuka majimfa a gonar da ta gaji maimakon su bar ta saura. Bayan shekara ɗaya ko biyu a sare, ganyen ya ruɓe a ƙasa, karan ya shiga murhu, masara ta biyo baya ta yi kyau. Aibinta ɗaya a nan, tana tara wata 'yar tsutsa mai kumbura saiwa, don haka ba a bin ta da tumatir ko taba.

Makarantar da ke da lambu, a ƙasar da ruwa ke isa, tana iya gwada wannan. A jiƙa ƙwayoyin su kwana, domin ɓawonsu da tauri, a shuka da farkon damina a gefen lambu, nesa da rafi da rijiya. Tun da awaki ba su ci, ta kan zama shinge. Bayan wata biyu malami ya sa a tono guda ɗaya a hankali da saiwarta, a wanke ƙasar, a nemi ƙullutan. A tsaga ɗaya da reza. In cikinsa fari ne ko kore, ba ya aiki. In ja ne kamar nama, ƙwayoyin suna bakin aikinsu, jan nan kuwa ɗan'uwan abin da ke sa jininku ja ne.